Linjilar da Ta Bi Ta Bebeji

Cikin daminar 1826, a watan Yuli, wani ayari da ya taso daga Zariya za shi Kano ya yada zango a Bebeji. Ganin baƙi ba sabon abu ba ne ga mutanen garin, domin Bebeji gari ne mai ganuwa a bakin babbar hanyar fatake. Sai dai madugun wannan ayari Bature ne, hafsan sojan ruwan Ingila, mutumin Sikotlan, sunansa Hugh Clapperton, ko da yake a ƙasar Hausa Abdullahi yake amsawa. Cikin kayansa akwai tsarabar da gwamnatin Ingila ta aiko wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin tsarabar kuma akwai littattafan Larabci bugun inji: littafin Uƙlidis na lissafin siffofi, da wani na Ibn Sina, da Zabura, da Sabon Alkawari, wato Linjila huɗun da Kiristoci ke karantawa haɗe da littattafan da ke biye da su.

Zuwansa na biyu ke nan. A zuwan farko, cikin watan Maris na 1824, ya zauna gaban Bello a Sakkwato, ya kuma rubuta yadda zaman ya kaya a littafin tafiyarsa. Sarkin Musulmi ya yi masa tambayoyi a kan ƙasashen Turai, daga nan ya gangaro kan addini. Ya nuna ya san sunayen tsofaffin ɓangarorin Nasara, har ya tambaye shi ko mutanen Ingila Nasɗuriyya ne ko kuwa wani ɓangaren. Bature ya rasa ta cewa, ya ce su dai Furotesta ake ce musu. Bello ya nemi sanin mene ne kuma Furotesta. Clapperton ya yi iya ƙoƙarinsa, tambayoyi suka ci gaba da zuwa, a ƙarshe ya sallama, ya ce shi ba malami ba ne, irin waɗannan mas'aloli ya bar wa waɗanda suka fi shi sani.

A wancan lokaci babu majami'a ko ɗaya daga Sakkwato har Bauci, kuma Bello bai taɓa zuwa Gabas ba. Duk da haka ya san sunan wani ɓangaren Kiristoci da cibiyarsa ke Iraƙi, ya kuma san akwai abin da ya raba su da sauran. Sunan nan ya yi tafiyar kusan shekara dubu a cikin littattafai kafin ya iso bakinsa.

Zauren halifa

Musayar hujja tsakanin Musulmi da Kiristoci ta faro tun Annabi (SAW) yana raye. A ƙarshe-ƙarshen zaman Madina tawagar Kiristocin Najran ta zo, aka yi zance mai tsawo a kan Annabi Isa (AS), kuma malaman tafsiri suna danganta saukar farkon Suratu Ali Imrana da wannan zuwa. Sirar Ibn Ishaƙ ta kawo cewa da lokacin ibadarsu ya yi, an bar su sun yi ta a cikin masallaci suna fuskantar gabas. Aya ta 46 a Suratul Ankabut ita ce ta gindaya ladabin irin wannan jayayya, kuma malamai sun riƙa komawa gare ta.

Bayan an buɗe Sham da Iraƙi da Misira, Musulmi suka tsinci kansu suna mulkin ƙasashen da yawancin mutanensu Kiristoci ne, aka kuma daɗe a haka. Magatakardan fada Kirista, likitan halifa daga gidan Bukhtishu Kirista, babban mai fassara littattafan Yunanawa a Bagadaza, Hunain ɗan Ishaƙ, shi ma Kirista. Wanda zai yi jayayya da irin waɗannan mutane, ji-ta-ji-ta ba za ta fisshe shi ba.

Wajen shekarar 781 halifa Mahadi na Abbasiyawa ya zaunar da Timotawus na Ɗaya, shugaban majami'ar da Larabawa ke kira Nasɗuriyya, suka kwana biyu ana tambaya ana amsawa. Timotawus ne da kansa ya rubuta labarin da harshen Suryanci. Halifa ya tambaye shi yadda za a ce Allah yana da ɗa, ya tambaye shi batun gicciye, ya tambaye shi wane ne Faraƙliɗ da Linjilar Yohanna ta yi alkawarin zuwansa, wane ne kuma mahayin raƙumin da ke cikin littafin Ishaya. Timotawus ya kare addininsa, ya yabi Annabi Muhammadu (SAW) a kan kiran mutane zuwa ga Allah ɗaya, amma bai yarda an ambace shi a littattafansu ba. Ya buga wa halifa misali da lu'ulu'un da ya faɗi cikin ɗaki mai duhu: kowa ya lalubo wani abu ya damƙe yana cewa shi ne, sai gari ya waye za a san wanda ya riƙe lu'ulu'u da wanda ya riƙe tsakuwa. Aka tashi, kowa na kan bakansa, Timotawus ya koma kan kujerarsa ya ci gaba da shugabanci har rasuwarsa a 823.

Uku da ɗaya a ma'aunin hankali

Cikin ƙarnin da ya biyo baya raddi ga Nasara ya zama fanni mai zaman kansa a ilimin tauhidi. Wanda ya fi kowa zurfafawa shi ne Abu Isa al-Warraƙ, malamin Bagadaza na ƙarni na 9. Littafinsa raddi ne ga ɓangarori uku, kuma kafin ya soki ko ɗaya sai da ya shimfiɗa abin da kowanne ke faɗa da irin kalmomin da masu shi ke amfani da su.

Dukansu, in ji shi, sun haɗu a kan cewa Allah jauhari ɗaya ne, uƙnumi uku: Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Inda suka rabu shi ne yadda allahntaka ta haɗu da mutuntaka a jikin Almasihu. Malkiyya, mabiya aƙidar sarkin Rum, waɗanda suka karɓi hukuncin taron Kalsidon na 451, sun ce ɗabi'a biyu ce a uƙnumi ɗaya. Ya'aƙubiyya, da suka ƙi wannan taro, sun ce bayan haɗuwar ɗabi'a ɗaya ce. Nasɗuriyya kuwa sun ce ɗabi'a biyu, uƙnumi biyu, a cikin Almasihu guda. Waɗannan sunaye uku su ne za su yi ta yawo a littattafan Musulmi har su kai Sakkwato.

Salon Warraƙ na ritsawa ne. Zai ce: uƙnuman nan uku, su ne jauharin ko waninsa ne? In su ne shi, to yaya abu zai zama ɗaya ta fuskar da ya zama uku? In waninsa ne, ashe dawwamammu sun zama huɗu. Sai ya juya kan gicciye: wa ya mutu? In mutuntaka ce kaɗai, to ina haɗuwar da ake faɗa? In har da allahntaka, wa ke riƙe da sammai a waɗannan kwanaki? Haka yake bi, ƙofa bayan ƙofa, kowane ɓangare da tambayar da ta dace da maganarsa.

Abin mamaki, littafin nan bai tsira ta hannun Musulmi ba. Wani masanin falsafa Kirista, Ba-ya'aƙube, mai suna Yahaya ɗan Adi, wanda ya rasu a 974, shi ya kwafe shi gaɓa-gaɓa don ya mayar da martani, kuma ta cikin martanin nasa duniya ta san abin da Warraƙ ya rubuta. Haka ma ɗan gajeren raddin da al-Kindi ya yi wa aƙidar uku-cikin-ɗaya da ma'aunin manɗiƙi, a wurin wannan Yahayan aka same shi.

Malaman Kirista masu rubutu da Larabci sun nemi amsa daga cikin tauhidin Musulmi kansa. Suka ce, ai ku ma kuna siffanta Allah da rayuwa da magana. To, Ɗa shi ne Maganarsa, Ruhu kuwa Rayuwarsa. Alƙali Abubakar al-Baƙillani, Bamalike kuma Ba'ash'are, wanda ya rasu a 1013, ya tare wannan hanya a littafinsa Tamhid: in siffofi ne uƙnumai, me ya sa aka tsaya a uku? Ina iko, ina nufi, ina ji da gani? Baƙillani ya san mutanen da yake magana a kansu ido da ido, domin sarkin Buwaihawa Adudud Daula ya taɓa aikensa jakadanci fadar sarkin Rum a Ƙusɗanɗiniyya.

Masu buɗe littafin

Wasu malaman kuwa Littafin Kiristocin suka ɗauka suka buɗe. Aliyu ɗan Rabban aɗ-Ɗabari likita ne, marubucin Firdausul Hikma, ya yi yawancin rayuwarsa yana Kirista kafin ya musulunta da tsufansa a zamanin halifa Mutawakkil, wanda ya yi mulki daga 847 zuwa 861. Ya san Suryanci, ya san nassin tun yana yaro. A Kitabud Dini wad Daula ya bi Attaura da Zabura da littattafan annabawa yana tsamo wuraren da yake ganin bushara ce da Annabi Muhammadu (SAW): annabin da aka yi wa Musa alkawari, da hasken da ya ɓullo daga dutsen Farana, da alkawarin da aka yi wa Hajara a kan Isma'ila. Wannan hanya tana ɗauka cewa nassin na nan da sauran gaskiyarsa, fassarar ce ta karkace. Malamai suka kira wannan tahrifin ma'ana.

Ibn Hazm na Ƙurɗuba, wanda aka haifa a 994 ya rasu a 1064, bai yarda da wannan sassauci ba. A babban littafinsa kan addinai da ƙungiyoyi, al-Fisal, ya ce nassin kansa aka taɓa, ya kuma zauna ya jera Linjila huɗu kafaɗa da kafaɗa. Ga misali guda. Matta da Luka duk sun kawo nasabar Yusufu, mijin Maryamu, zuwa ga Annabi Dawuda. Matta ya bi ta kan Sulemanu, ya ce uban Yusufu Yakubu ne. Luka ya bi ta kan Natan, wani ɗan Dawuda, ya ce uban Yusufu Heli ne. Ga wanda ya taso a kan ilimin isnadi, inda saɓanin suna ɗaya ke raunana hadisi, wannan babbar magana ce. Ibn Hazm ya kuma lissafa shekarun kakannin farko a Attaurar da ke hannun Yahudawa da wadda ke hannun Kiristoci, ya ga tazarar ta haura shekara dubu. Tambayarsa ta malamin hadisi ce: wa ya karɓa daga wa, kuma mutum nawa?

Kiristoci suna da amsoshinsu tun kafin a haife shi. Wasu sun ce nasaba ɗaya ta jini ce, ɗayar ta shari'ar gadon aure. Wasu daga baya suka ce ɗayar ta Maryamu ce. Al-Biruni, wanda ya yi zamani da Ibn Hazm a can gabashin duniyar Musulmi, ya kawo wannan saɓani tare da bayanin da Kiristoci ke bayarwa, cikin sanyin murya. Ibn Hazm kuwa harshensa kaifi gare shi, har malamai suna kwatanta shi da takobin Hajjaju.

Akwai hanya ta uku, ta tarihi. Alƙali Abduljabbar, shugaban Mu'utazilawa a Rayyu, wanda ya rasu a 1025, ya tambayi yadda aka yi mabiyan annabin da aka yi wa kaciya, yake kiyaye Asabar, ba ya cin alade, suka wayi gari sun bar duk waɗannan. A Tasbitu Dala'ilin Nubuwwa ya ɗora alhakin a kan Bulus da sarki Ƙusɗanɗin, wanda ya tara taron Nikiya a 325, yana mai cewa al'adun Rumawa ne suka rinjayi addinin. Wani littafin kuma, ar-Raddul Jamil, wanda ake jingina wa Imam Gazali ko da yake masana sun yi saɓani a kan haka, ya karɓi Linjilar Yohanna yadda take, ya ce wuraren da ke nuna allahntakar Isa majazi ne, wuraren da ke nuna shi bawa ne mai addu'a da yunwa da gajiya su ne a kan zahirinsu.

Wasiƙa daga Ƙubrus

Wajen shekarar 1200 wani bishop ɗan ɓangaren Malkiyya na garin Saida, Bulus mutumin Anɗakiya, ya rubuta 'yar wasiƙa da Larabci zuwa ga wani abokinsa Musulmi. Dabararsa ita ce kafa hujja da Alƙur'ani: ya ce an aiko Annabi ga Larabawa ne kawai, kuma Alƙur'ani ya yabi Almasihu da Linjila da masu zaman zuhudu, saboda haka babu abin da ya wajabta wa Kirista barin addininsa. Wasiƙar ba ta da tsawo, amma ta tayar da manyan malamai uku. Shihabuddin al-Ƙarafi na Alƙahira, wanda ya rasu a 1285, sunan da duk mai karatun fiƙihun Malikiyya ya sani, ya ba ta amsa a al-Ajwibatul Fakhira. Daga baya wani Kirista a tsibirin Ƙubrus ya gyara ta, ya ƙara mata ayoyi, aka aika wa Ibn Taimiyya a Dimashƙa a 1316, aka kuma aika wa Ibn Abi Ɗalib ad-Dimashƙi a 1321.

Amsar Ibn Taimiyya ita ce al-Jawabus Sahih, mujalladai da dama a kan wasiƙar 'yan shafuka. Yakan kawo maganar mai wasiƙar cikakkiya, sa'an nan ya warware ta. A kan tahrifi ya tsaya tsaka-tsaki: ya ce yawancin ɓarnar a fassara take, canjin lafazi kuwa ya auku a wasu wurare, amma ba za a ce an sauya kowane kwafi a duniya ba. A wannan zamanin ne kuma Najmuddin aɗ-Ɗufi, Bahambale, ya rubuta ta'aliƙi a kan Linjila huɗu, yana bin su wuri-wuri kamar mai sharhi.

Ba kowa ne ya ji daɗin wannan kusanci ba. A Alƙahirar ƙarni na 15 Burhanuddin al-Biƙa'i ya riƙa ciro dogayen nassoshi daga Attaura da Linjila yana sakawa a tafsirinsa Nazmud Durar. As-Sakhawi ya tashi a kansa ya rubuta littafi cewa yin haka haramun ne, Biƙa'i ya mayar da nasa littafin yana kawo magabatan da suka yi hakan kafin shi. Ana wannan rigima Jalaluddin as-Suyuɗi yana nan a garin, wanda daga baya ya rubuto wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha.

Abin da ya ƙetaro Sahara

Raƙumi ba ya ɗaukar laburare dukansa. Abin da ya zama karatun yau da kullum a zaurukan ƙasar Hausa shi ne littattafan da almajiri ke buƙata: tafsiri, fiƙihu, tauhidi, madahu. A cikinsu ne sakamakon waccan doguwar muhawara ya iso, a dunƙule.

Mai karatun tauhidin Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, zai tarar a Muƙaddimat an kasa shirka gida shida, an ba aƙidar Nasara suna nata na daban, shirkut tab'idi, wato ɗaukar Ubangiji a matsayin haɗaɗɗe daga sassa, an bambanta ta da ta Majusawa masu ubangiji biyu da ta masu bautar gumaka. Mai karanta Hamziyyar Busiri a watan Mauludi zai bi ta kan baitocin da ke yi wa Yahudu da Nasara tambayoyi irin na malaman tauhidi. Mai Ashafa ta Alƙali Iyal zai ga zancen siffofin Annabi a littattafan da suka gabata. Manyan tafsirai kuwa, irin waɗanda Abdullahi ɗan Fodiyo ya tace ya fitar da Liya'ut Ta'awili, suna kawo sunayen ɓangarorin nan a ƙarƙashin ayoyin Nisa'i da Ma'ida da Maryam.

Don haka malamin Kano ko Zazzau ko Sakkwato ya gaji hukuncin, ya gaji sunayen, ya gaji tambayoyin. Abin da bai gada ba shi ne abokin muhawarar. Warraƙ yana da Yahaya ɗan Adi da zai bi bayansa, Ibn Hazm yana da Kiristocin Andalus da Linjilarsu ta Larabci a unguwar da ke kusa. Bello kuwa da ya samu Kirista na farko da zai gwada karatunsa a kansa, sai ya dace da sojan ruwa.

Isawa

Ba a yi shekara hamsin da wucewar Clapperton ta Bebeji ba, zancen Annabi Isa ya tashi a Kano daga cikin gida. Wani malami mai suna Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ne da tafsiri, ya tsaya a kan ayoyin da ke kiran Isa Kalmar Allah da Ruhi daga gare Shi, da haihuwarsa ba uba, da ɗaukaka shi sama, da hadisan dawowarsa. Ya fara karantar da cewa Isa yana da matsayi na musamman, ya tara mabiya, aka riƙa ce musu Isawa ko Bani Isra'ila. Zamanin cike yake da jiran Mahadi da alamomin tashin ƙiyama, kuma fada ba ta wasa da malamin da ke tara jama'a, tun da ba a daɗe ba Malam Hamza ya bar Tsakuwa wajen 1846 ya shige duwatsun Ningi, inda magadansa suka zame wa kudancin Kano ƙarfen ƙafa. Aka kama Malam Ibrahim, ya ƙi janye maganarsa, aka tsire shi a kasuwar Kano. Masana tarihi suna sanya wannan a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855.

Almajiransa suka watse zuwa ƙasar kan iyaka, inda Kano da Zazzau da Ningi suka haɗa kafaɗa, yankin dazuzzuka da duwatsu da hannun sarauta ba ya kaiwa sosai. Wannan ita ce ƙasar da duwatsun Riruwai da dajin Falgore ke kallo.

A 1900 ayarin 'yan mishan na Ingila ƙarƙashin Bishop Tugwell ya shiga Kano, Sarki Alu Babba ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Ɗaya daga cikinsu, Dakta Walter Miller, ya dawo ya zauna a birnin Zariya daga 1905. A 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka same shi suna neman ƙarin bayani a kan Isa. Wasu suka karɓi Kiristanci, aka kafa musu ƙauye a Gimi ta ƙasar Zazzau, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka rage suka tare a Zariya, daga baya a Wusasa, inda mishan ta koma a 1929. Wasu Isawan kuma da suka ji cewa Kiristoci na kiran Isa Ɗan Allah kuma sun yarda an gicciye shi, suka ga wannan ba Isan da suka sani a Alƙur'ani ba ne, suka tsaya inda suke. Yawancin labarin Malam Ibrahim ta alƙalamin 'yan mishan ya iso, shi ya sa masanin tarihi Ian Linden, da ya bi diddigin Isawa, ya mayar da su cikin tarihin malamai masu tawaye da masu jiran ƙarshen zamani na ƙarni na 19, inda asalinsu yake.

Riruwai

Mai barin titin Kano zuwa Zariya a Kwanar Ɗangora, ya bi ta Tudun Wada ya ratsa Falgore, zai iske Riruwai a can ƙuryar kudu, hedkwatar ƙaramar hukumar Doguwa. Tun kafin zuwan Turawa an san garin da kuza. A wancan zamani maƙeransa kan narka ta su zubo ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwa. Haƙar ma'adinai ta zamanin Turawa ta jawo ma'aikata daga wurare daban-daban, wa'azin mishan kuma ya shiga ƙauyukan Maguzawan kudancin Kano. Yau a Doguwa da Tudun Wada akwai Kiristocin da Hausa ce harshen uwarsu, a kasuwa ɗaya suke sayar da masara da maƙwabtansu Musulmi.

Littafin da Clapperton ya ratso da shi Bebeji a matsayin tsarabar sarki ya fito da Hausa cikakke a 1932, ana kiransa Littafi Mai Tsarki. Muƙabala ma ta canja kaya. Izharul Haƙƙ na Rahmatullahi al-Kairanawi, wanda ya biyo bayan muhawararsa da ɗan mishan Pfander a Agra ta Indiya a 1854, ya ɗauko hanyar Ibn Hazm ya ƙara mata binciken malaman Turai a kan nassin. Daga wannan littafi Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu ya samu hanyarsa, kaset-kaset ɗinsa suka cika Kano a shekarun 1980, yanzu kuma gutsattsarin irin wannan muhawara na yawo a wayoyin samari. Tambayoyin su ne dai na halifa Mahadi da Warraƙ da Ibn Hazm. Abin da sau da yawa ke faɗuwa a hanya shi ne matakin farko na Warraƙ, wato a faɗi maganar mutum yadda shi kansa zai ji ya ce haka nake faɗa.

Duk watan azumi, a masallatan da ake tafsiri da Jalalaini, mai jan baƙi zai kai aya ta 17 a Suratul Ma'ida, malam ya duba sharhi ya ambaci Ya'aƙubiyya, ya ce wani ɓangare ne na Nasara, a wuce. Masu wannan suna suna nan har yau a Siriya da Iraƙi, 'yan'uwansu a aƙida su ne Ƙibɗawan Misira da Kiristocin Habasha. Maƙwabcin da ke zuwa cocin ECWA ko na Katolika ranar Lahadi ba ya cikinsu, ba ya kuma cikin Nasɗuriyya. Katolika da manyan ɗarikun Furotesta duk sun karɓi hukuncin taron Kalsidon na 451, ɗabi'a biyu a uƙnumi ɗaya, saboda haka a ma'aunin tsofaffin littattafan, a kan zancen Almasihu, layin Malkiyya suke. Amsar da Bello ya nema ke nan a 1824. Clapperton ya miƙa masa littattafan a ƙarshen 1826, ya kwanta ciwo a Sakkwato, ya rasu a watan Afrilu na 1827.